Tambayoyinku: Wane Littafi Yaron Firamare Zai Iya Karantawa da Kansa?

Daga wata malamar aji ɗaya a Gusau: An kawo mana kwali biyu na littattafan labarai masu hotuna. Yara na son hotunan, amma da na ce su karanta sai su yi tsit, ko su riƙa bin bakina. Laifin littafin ne ko nawa?

Malama, ba laifinki ba ne, kuma mai yiwuwa littattafan ma lafiyarsu lau. An dai ɗora musu aikin da ba nasu ba. Littafin ƙananan azuzuwa iri biyu ne, kuma ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya.

Akwai wanda ke za ki karanta musu da murya. Wannan ko da kalmominsa sun fi ƙarfin idon yaro ba komai, tunda kunnensa ya riga idonsa nisa. Ki nuna bangon, ki tambaye su abin da suke tsammani zai faru, ki zaɓi sababbin kalmomi uku ki bayyana su tun kafin ki fara. Ki tsaya sau biyu a tsakiyar labari ki yi tambaya. Minti 10 zuwa 15 sun isa. Yawancin abin da ke cikin kwalayenki irin wannan ne.

Ɗayan kuwa shi ne wanda yaro zai karanta da kansa, kuma sharaɗinsa guda ne: kada a sa masa harafin da ba a koya masa ba tukuna. In kin koyar da a, n, k da m, to shafin zai ce "Mama na nan", na gaba ya ce "Kaka na nan". Da kin ƙara t, sai "Nana ta kama kaka" ta samu shiga. Babba zai raina wannan labari, amma yaron da ya haɗa na da na ya fitar da Nana da kansa ya san ya yi wani abu. Jimla ɗaya a shafi, kalma uku zuwa shida, shafi takwas. Baƙaƙe masu ƙugiya (ɓ, ɗ, ƙ) da masu goyo irin su sh, ts, ky da gw a jinkirta su sai sauƙaƙan sun zauna.

Ga yadda za ki gwada littafi. Ki ba yaro shafi mai kalma kamar 20, ki rufe hoton da tafin hannu. In ya yi tuntuɓe a kalma fiye da biyu, littafin ya yi masa nauyi, ki mayar da shi cikin waɗanda ke za ki karanta. Ki kuma kula da hadda. Yaranmu na da ƙarfin hadda, musamman masu zuwa makarantar allo, sai yaro ya rero shafi duka alhali idonsa na kan taga. Ki nuna kalmar ƙarshe ki dawo baya ɗaya bayan ɗaya, nan za ki gane mai karatu da mai tilawa. Shirin RANA ya yi aiki a Zamfara da Katsina da littattafan Hausa na matakin farko, kamar yadda Mu Karanta! ya yi a Bauchi da Sakkwato, don haka ki fara leƙa ofishin hedimasta ko na sakataren ilimi kafin ki sayi komai.

Daga wani mahaifi a Kaduna: Ɗana yana aji biyu. Na ga littattafai masu Hausa da Turanci a shafi ɗaya. In saya masa, ko Hausar za ta hana shi iya Turanci?

Ba za ta hana ba, Malam. Sau ɗaya ake koyon cewa harafi na wakiltar sauti, kuma ya fi sauƙi a harshen da yaro ke ji. Kan wannan ne manufar ilimi ta Najeriya ta 1977 ta tanadi koyarwa da harshen gida a shekarun farko na firamare. Sautin m, n, b, t, s da k zai bi shi zuwa Turanci kai tsaye. Inda zai sha wuya sananne ne: c ta Hausa ta "ciki" ba ita ce c ta Turanci ba, p, q, v da x babu su a abacadar Hausa, wasulan Turanci kuma ba su tsayawa kan sauti ɗaya kamar namu. Sannan gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu a jere, shi ya sa yaro ke cusa wasali a tsakani, kamar yadda magabata suka yi har muka sami burodi daga bread. Waɗannan wurare ne za ka zauna da shi a kansu.

Littafi mai harshe biyu yana da aibi ɗaya: ido na gudu zuwa harshen da ya fi sauƙi ya bar ɗayan. Maganinsa shi ne raba ranaku. Yau ku karanta Hausar ku yi hira a kan labarin, jibi ka rufe ta da takarda ya fuskanci Turancin, ya riga ya san inda labarin ya dosa. Kafin ka biya kuɗi, karanta shafi biyu na Hausar da ƙarfi. In ka ji ba haka ake magana a gidanka ba, ko an rubuta kofa a maimakon ƙofa, ko an matse Hausar da ƙananan haruffa a ƙasan shafi, ajiye shi.

Daga wani malami a Maraɗi: Ajinmu na Hausa da Faransanci ne. Zan iya amfani da littattafan Kano da Zariya?

Za ka iya, Malam, da ɗan gyara. Nijar ta fara gwajin makarantu masu harshe biyu tun 1973, kuma rubutun ƙasashen biyu kusan ɗaya ne, sai dai ku kuna rubuta ƴ inda Najeriya ke rubuta 'y. Ka gyara wannan da biro kafin rabawa. Abin da ya fi rikita yara shi ne kuɗi: labarin da aka yi cinikinsa da naira ba zai zauna ba a kan yaron da ke lissafi da dala, wadda ke daidai da sefa 5. Ka sauya farashin. In za ku tsallaka Faransanci, ka nuna musu cewa u ɗinmu can ou ake rubuta shi, sh kuma ch.

Daga wani hedimasta a Haɗeja: Ba mu da kuɗin sayen littattafai. Za mu iya buga namu?

Ƙwarai kuwa, Malam. Shafukan African Storybook, StoryWeaver da Bloom Library na intanet suna da labaran Hausa da aka ba da izinin saukewa da bugawa kyauta. Ingancin Hausar dai ya bambanta, sai malami biyu sun karanta kowanne kafin a buga. Ku zaɓi masu zanen layi, domin hoto mai launi baƙi ƙirin yake fitowa a injin kwafi.

In ku za ku rubuta, ku yi amfani da salon haruffa na Andika, wanda aka tsara don masu koyon karatu, kuma yana da duk baƙaƙenmu masu ƙugiya. Girman harafi ga aji ɗaya ya kai 24 ko fiye. Ku adana aikin a matsayin PDF kafin kai shi shagon bugawa, in ba haka ba kwamfutar da ba ta da salon za ta iya mayar da ƙ da ɗ akwatuna.

Takardar A4 biyu, an buga gaba da baya an ninke, suna ba da shafi takwas. Jerin shi ne: fuskar takarda ta farko shafi na 8 a hagu da na 1 a dama, bayanta 2 da 7, fuskar ta biyu 6 da 3, bayanta 4 da 5. Ku buga kwafi ɗaya ku ninke ku duba kafin a saki injin, don nan ake asarar takarda. Aji mai yara 60, biyu na raba littafi, na buƙatar kwafi 30, wato takarda 60. Rim ɗaya mai takarda 500 zai fitar da labari takwas.

Bango a yi shi da kwali mai kauri, a ɗinke tsakiya da zare da allura, domin ƙarfen maƙala takarda na yin tsatsa da damina ya ci shafin tsakiya. Kada a jibge littattafan a ƙasa, gara za ta ci su. A ɗaura igiya a bangon aji daidai tsayin yara a rataye su, a buɗe rajistar aro: suna, lambar littafi, ranar ɗauka, ranar dawowa. Wasu za su yage, wasu su ɓace, don haka ku buga kwafi uku na ƙari a kan kowane labari, ku kuma ajiye PDF ɗin a wayar malami fiye da ɗaya.