Tambayi Likita: Dundumi, Zugin Ƙafa da Yawan Bitamin

Wata uwa daga Tudun Wada: Likita, yarona ɗan shekara 3 da magariba ta yi sai ya riƙa laluben bango yana karo da kaya. An taɓa ba shi jan kafson bitamin A a makon rigakafi. In sayo masa wani a kemis?

Hajiya, wannan ya yi kama da dundumi, kuma ƙarancin bitamin A ne ke yawan kawo shi. Amma don Allah kada ki sayo. Jan kafson nan ƙwaya ɗaya ma'auni 200,000 ne, shi ya sa ake ba yaro sau ɗaya a wata 4 zuwa 6. Bitamin A ba ya bin fitsari ya fita, a hanta yake taruwa. Na taɓa ganin jaririn da aka yi ta ɗura wa shi, maɗigarsa ta kumbura tsam, yana ta amai. Ki kai yaron sashen ido na asibitin koyarwa na ABU da ke Shika, Zariya. In dundumin ne, za a ba shi a ranar, a ƙara washegari, sai kuma bayan mako 2. A gida ki dage da miyar zogale, manja, karas, ƙwai da hanta.

Wani magidanci daga Samaru: Shekara 6 ina shan metformin, maganin ciwon sukari. Yanzu tafin ƙafata na zugi kamar ana tsira min allura.

Alhaji, sannu. Ciwon sukarin kansa yana taɓa jijiyoyi, metformin kuma in an daɗe a kansa yana rage bitamin B12. Gwajin jini ne zai raba gardama. In ya yi ƙasa, allurar B12 ko ƙwaya za a ɗora ka a kai, ba tare da ka bar maganin sukarin ba. Abin da ke damuna shi ne masu sayen "maganin jijiya" su yi ta sha wata da watanni. Yawancinsu akwai B6 a ciki, shi kuwa in ya yi yawa irin wannan zugin yake jawowa.

Wata ɗaliba daga Kongo: Ina shan bitamin D mai ƙarfi kullum. Ga ƙishirwa, ga yawan fitsari, ga bayan gida ya ɗaure.

'Yata, ki ajiye shi yau ɗin nan. Yawansa yana cika jini da sinadarin kalsiyam har ya taɓa ƙoda. Ki je a auna kalsiyam, ƙoda da sukari, wataƙila a sa miki ƙarin ruwa. Ki tafi da kwalbar a hannunki, likita ya ga ma'aunin da ke jiki.