Idan masu bin bashi suka zo gida ɗaukar kaya

Malam, ka ce wanda ya ba ka taki bashi ya turo mutane gidanka a wajen Ringim, suna barazanar kwashe awaki. Mai bin bashi ba shi da hurumin ɗaukar kayanka da kansa, sai kotu ta yanke hukunci, ma'aikacinta ya zo da takardar umarni, wadda ya kamata ka nemi gani. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ma ta hana kama mutum saboda bashi kawai. Kayan ɗakin maiɗakinka kuwa nata ne. Kada ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba. Idan sammaci ya zo, ka halarta, ka nemi a jinkirta maka zuwa kaka, kuma ka tuntuɓi lauya a Dutse tun kafin ranar zama.