Hukuncin Yin Tanadi Alhali Ana Bin Mutum Bashi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni magidanci ne mai iyali. A wurin aikinmu an fara rage ma'aikata, albashin ma ba ya zuwa a kan kari. Mutum biyu ke bi na bashi, na farko wa'adinsa ya wuce, na biyu sai ƙarshen shekara. Duk wata ina ɗan cire wani abu in ɓoye saboda tsoron ranar da za a ce aikin ya ƙare. Shin ina da laifi a wannan ajiyar? Kuma maiɗakina tana da 'yan kuɗinta na sana'a, ko zan iya sa ta biya mini?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya yaye maka, Ya buɗa maka ta inda ba ka zato.

Tanadi a karan kansa halal ne, kuma bai ci karo da tawakkali ba. Annabi Yusuf (AS) ya umarci mutanen Masar su yi noma shekara 7, su bar abin da suka girbe a zangarniyarsa sai kaɗan da za su ci, kamar yadda ya zo a Suratu Yusuf aya ta 47. Bukhari kuma ya ruwaito daga Sayyidina Umar (RA) cewa Manzon Allah (SAW) yakan ajiye wa iyalinsa abincin shekara daga dabinon Banun Nadir. Matsalarka tana wajen bashin farko ne.

Bashin da wa'adinsa ya cika, mai shi kuma yana jira, kuɗin da ka ɓoye haƙƙinsa ne. Annabi (SAW) ya ce jinkirin mai hali zalunci ne, hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Mutane da yawa sun ɗauka "mai hali" a nan attajiri ake nufi. A'a. Duk wanda ya mallaki abin biya, ko da wani ɓangare ne na bashin, bayan ya fitar da abin da ya zama dole a gidansa, to shi mai hali ne gwargwadon abin da ya rage masa. Tsoron gobe ba uzuri ba ne a nan, domin rasa aikin zato ne, haƙƙin mutumin nan kuwa tabbas ne. Wa ya sani ma, ƙila shi ma yana kwana da irin tsoron da kake kwana da shi, yana duba wayarsa ko ka turo.

Amma ciyar da iyali yana gaba da biyan bashi. Malamanmu na Malikiyya sun ce ko wanda alƙali ya tabbatar da karayar arzikinsa, aka raba dukiyarsa ga masu binsa, ana bar masa abincinsa da na waɗanda ciyar da su ya wajaba a kansa da tufafinsu, har zuwa lokacin da ake kyautata zaton zai samu. Don haka ka zauna da takarda da alƙalami a ranar da albashi ya shigo, ba bayan ya ƙare ba. Ka ware abinci da kuɗin haya da magani da karatun yara, gwargwadon halin da kake ciki yau, ba gwargwadon yadda aka saba a lokacin wadata ba. Allah Ya ce a Suratuɗ Ɗalaƙ aya ta 7, wanda aka ƙuntata wa arziki ya ciyar daga abin da Allah Ya ba shi. Kyautar ganin ido da sabuwar waya ba sa cikin dole. Hatta sadakar nafila, biyan bashin da ya cika ya gabace ta.

Idan kana ganin ba za ka iya zama hannu wayam ba, ga mafita: ka je ka sami mai bashin ido da ido, ka faɗa masa gaskiyar halin da kake ciki, har da cewa kana da 'yar ajiya. Ka roƙe shi ya yarda ka riƙa biya kaɗan-kaɗan duk wata. In ya amince, ajiyarka ta halasta, domin haƙƙinsa ne ya sassauta. Neman sassauci ba abin kunya ba ne. Annabi (SAW) da kansa ya ji Ka'abu ɗan Malik yana bin Ibnu Abi Hadrad bashi a masallaci har muryoyinsu suka ɗaga, sai ya yi wa Ka'abu ishara ya yafe rabi, ya ce wa ɗayan ya tashi ya biya. Abin da na fi ƙi a halin masu cin bashi shi ne ƙin ɗaga waya da sauya hanya. Wannan ya fi rashin biyan ɓata zumunci. In kuwa da gaske babu komai a hannunka bayan dolen gida, aya ta 280 a Suratul Baƙara ta wajabta wa mai bin ka ya yi maka jinkiri zuwa lokacin sauƙi.

Bashi na biyu ba a neman ka da shi kafin wa'adinsa, don haka kana iya tanadi, sai dai ya kamata rabon mai shi ya kasance cikin abin da kake tarawa, kada ƙarshen shekara ya zo ka koma cin wani bashin don toshe wannan. Bashin ruwa kuwa kada ka kusance shi da sunan neman mafita, haramun ne, kuma rami ne da ake haƙawa don cike wani ramin.

Dukiyar matarka tata ce. Ba a wajabta mata biyan bashinka ba, ba a ma wajabta mata ciyar da gida ba. In ta ba ka da daɗin rai ka karɓa, in rance ta ba ka ku rubuta. Fushi da ƙaurace mata har sai ta fito da kuɗin tilastawa ce, abin da aka karɓa ta haka bai halasta ba.

Ka rubuta basussukan nan biyu, da sunayen masu su da adadinsu, ka sanar da iyalinka inda takardar take, domin Tirmizi ya ruwaito cewa ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya masa. In nauyin ya fi ƙarfinka, kana cikin waɗanda Suratut Tauba aya ta 60 ta ba su rabo a zakka, matuƙar ba a hanyar saɓo ka ci bashin ba.

Wallahu a'alam.