Kotun Damagaram tana iya kafa nata ƙa'idojin shari'a?

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne a kasuwar Dole ta Damagaram, ina da ƙarar bashi a kotu. Na ga ranakun zaman kotun Damagaram sun bambanta da na Magariya, kuma abokina na Kano ya ce can babban alƙali ne ke rubuta ƙa'idojin kotu. Ke nan kowace kotu da tata doka?

Amsa: Alhaji, abokinka bai yi ƙarya ba, amma zancen Najeriya ya yi maka. Can sashe na 274 na tsarin mulkin 1999 ya ba babban alƙalin jiha damar tsara yadda ake shari'a a babbar kotun jiharsa, shi ya sa na Kano ba lalle ya zo ɗaya da na Katsina ba.

Mu a Nijar tsarin Faransa muka gada, inda tun 1804 aka hana alƙali kafa doka da bakinsa. Nasa shi ne ya yanke hukunci kan ƙarar da ke gabansa. Yadda ake shigar da ƙara, yadda sammaci ke isa ga wanda ake ƙara, wa'adin ɗaukaka ƙara, duk suna cikin kundin dokar tafiyar da shari'a da aka zartar a 2015, kuma abin da ya ce a Yamai shi ya ce a Gure. A harkar bashi irin taka ma akwai dokokin kasuwanci na ƙungiyar OHADA, waɗanda ƙasashen Afirka 17, har da Nijar, ke bi tare.

Abin da ke hannun shugaban kotu shi ne tsarin cikin gida: wace rana ake zaman wace irin shari'a, wane alƙali zai riƙe wace ƙara. Bambancin da ka gani ke nan, kuma daidai ne, don yawan aikin Damagaram ba ɗaya yake da na Magariya ba.

Inda nake so ka buɗe ido shi ne wa'adi. Na fi jin zafin wanda ke da gaskiya ya rasa haƙƙinsa don an ce masa "haka muke yi a nan", ya saki jiki har lokacin ɗaukaka ƙara ya wuce. Al'adar ofis ba ta ƙara maka ko kwana ɗaya, ba ta kuma rage maka. Duk sharaɗin da aka gindaya maka, tambayi magatakardan kotu cikin ladabi wane sashen doka ne ya zo da shi, ka rubuta lambar, ka kai wa lauyanka. In an yanke maka hukunci a kan ƙa'idar da doka ba ta sani ba, kotun ɗaukaka ƙara tana nan cikin Damagaram.