Likita na amsawa: hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa da shanyewar ɓarin jiki

Likita, mahaifinmu ya wayi gari hannunsa da ƙafarsa na dama ba sa motsi, magana kuma ta ƙi fita. Da aka yi hoto sai aka ce matsalar a ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa take. Anya ba kuskure aka yi ba?

Allah ya ba Baba lafiya. Malam, ba a yi kuskure ba. Jijiyoyin da ke kai umarnin motsi daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓɓai suna tsallakawa ne a ƙasan ƙwaƙwalwa, daidai inda ta haɗu da laka, na hagu su koma dama, na dama su koma hagu. Shi ya sa ciwo yana hagu, shanyewa tana dama.

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana karɓar kusan kashi 15 na jinin da zuciya ke turawa, tana kuma cinye kusan kashi 20 na iskar oksijin. Ga ci, ga rashin ajiya: jini na yankewa, cikin 'yan mintuna ƙwayoyinta sun fara mutuwa. Manyan jijiyoyin jini huɗu ne ke shayar da ita. Biyu suna hawa ta gaban wuya, su ne kake jin bugunsu in ka ɗora yatsa a gefen maƙogwaro. Biyu kuma suna bi ta ramukan ƙasusuwan wuya ta baya, su haɗe su zama ɗaya a cikin kai. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ƙananan rassa sun ɗinke su gaba ɗaya sun yi zobe, wanda ake kira da sunan likitan Ingila Thomas Willis da ya yi bayaninsa a 1664. Amfanin zoben shi ne in hanya ɗaya ta toshe a hankali, jini ya zagayo ta wata. Sai dai a jikin mutane da yawa zoben bai cika ba, kuma in toshewar ta faru bayan an wuce shi, ba abin da zai tsinana.

Reshen da ya fi yawan toshewa shi ne na tsakiya, mai ciyar da gefen ƙwaƙwalwa inda ake sarrafa fuska da hannu. A yawancin mutane cibiyar magana tana nan a ɓarin hagu. Na sha ganin dattijo yana kallon matarsa, ya gane ta sarai, yana nuna kofin ruwa, amma kalmar ta ƙi zuwa har hawaye ya zubo masa. Hankalinsa na nan. Don haka ku kula da abin da kuke faɗa a gaban Baba, mai yiwuwa yana fahimtar fiye da yadda kuke zato. Ku kuma dage da gashin ƙashi da koyon magana tun yanzu, domin a watanni uku zuwa shida na farko aka fi samun sauƙi.

Likita, ina da hawan jini. Shekaranjiya bakina ya karkace, cokali ya suɓuce daga hannuna, bayan kamar minti goma komai ya dawo daidai. Maigidana ya ce gajiya ce.

Hajiya, da girmamawa ga maigida, wannan ba gajiya ba ce. Ki je asibiti yau, kada ki jira gobe. Abin da kika bayyana ya yi kama da ɗan gudan jini da ya toshe wata jijiya sannan ya narke kafin ya yi ɓarna. Gargaɗi ne, kuma haɗarin babbar shanyewa ya fi yawa a kwanakin farko bayansa. Za a auna jininki da suga da kitse, a duba jijiyoyin wuya, a ɗauki hoton bugun zuciya. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, domin akwai wata irin rikicewar bugun zuciya da ke sa jini ya daskare a cikinta, gudan ya ɓalle ya tafi kai. Tana ninka haɗarin shanyewa kusan sau biyar, kuma maganinta daban ne. Abin da na fi son in sani: kina shan maganin hawan jinin kullum, ko sai ranar da kai ya sara? Hawan jini ba ya sallama, awo kaɗai ke tona shi. In yana kai 140 bisa 90 ko sama, bai kwanta ba.

Likita, an ce in mutum ya faɗi a yi maza a ba shi asfirin. Haka ne?

A'a. Shanyewa iri biyu ce. Kusan kashi 85 cikin 100 toshewar jijiya ce, sauran kuma fashewarta ce, jini ya kwarara cikin ƙwaƙwalwa. Asfirin na taimakon na farko, yana iya ƙara wa na biyu zubar jini, kuma ko likita ba ya rabe su da ido sai an yi hoton ƙwaƙwalwa da ake kira CT. Kada a ɗura masa ruwa ko wani magani, don sau da yawa haɗiya ta lalace, abin ya zarce huhu. A kwantar da shi ta gefe, a duba agogo, a nufi asibiti. Allurar narkar da gudan jini ana yin ta ne cikin awa huɗu da rabi, kuma lissafin yana farawa daga lokacin ƙarshe da aka gan shi lafiya lau. Gwajin gida ba wuya: ya yi murmushi, ya ɗaga hannuwa biyu, ya maimaita gajeriyar magana. Ɗaya ta gagara, a tafi.

Likita, bayan tiyatar babbar jijiyar jini ta ciki, ƙafafun yayana biyu suka mutu. An ce laka ce ta rasa jini. Dama laka ma tana irin wannan ciwon?

Tana yi, ɗan'uwa, sai dai ba kasafai ba, wajen kashi 1 cikin 100 na masu shanyewa. Jijiyoyi uku ne ke bin tsawon laka: ɗaya a gaba mai shayar da kashi biyu bisa uku nata, biyu a baya da ke riƙe da ragowar. Ta gaban siririya ce, ba ta iya kai jini tun daga wuya har ƙugu ita kaɗai, sai rassa daga babbar jijiyar da ta fito daga zuciya suna agaza mata a hanya. Mafi girmansu yakan shigo ta hagu, wajen ƙasusuwan baya na ƙasan ƙirji, kuma shi ne tiyata irin ta yayanka ko faɗuwar jini mai tsanani kan taɓa. Abin da ke ba iyali mamaki shi ne, in ka riƙe babban yatsan ƙafarsa ka lanƙwasa, yana iya gaya maka sama ne ko ƙasa, amma ba ya jin tsini ko zafi. Hanyar sanin matsayin gaɓa a bayan laka take, ta tsira. Ta motsi da ta jin zafi suna gaba. Saboda haka a auna ruwan wankansa da hannun mai lafiya, a riƙa juya shi duk awa biyu don gudun gyambon kwanciya, a kuma sa ido kan fitsari.

Likita, 'yata mai shekara biyar tana da sikila. An ce yara ma suna shanyewa?

Gaskiya ne, Maman yarinya. Ƙwayoyin jinin sikila suna ƙuntata manyan jijiyoyin kai. Akwai awon da ake yi da na'urar sauti a gefen kai, ba allura ba ciwo, sau ɗaya a shekara daga shekara 2 zuwa 16. In ya nuna jini na gudu fiye da kima, ƙarin jini a kai a kai yana rage haɗarin sosai. Ki tambayi likitanta a zuwa na gaba ko an taɓa yi mata.