Amsa ga mai neman takardar baftismar kakansa

Ɗan'uwa, ka ce an yi wa kakanka baftisma wajen 1946, ka je nema a Sakkwato an ce babu. Wallahi na san zafin wannan "babu" ɗin. Amma kada ka yanke ƙauna, a 1946 Sakkwato ba ta da rajistar kanta a matsayin yanki na cocin Katolika. Sai 1953 aka yanke ta daga Kaduna, aka damƙa wa fadannin ƙungiyar Dominikan na Amurka, ta zama dayosis, wato yanki mai bishop nasa, a 1964 da Bishop Edward Lawton. Kafin nan fadannin SMA, wata ƙungiyar 'yan mishan ta Afirka, ke riƙe da yankin. Fada ya zo rangadi, ya yi baftisma a ƙauye, ya koma ya rubuta a littafin mishan ɗin da ya fito. To can za ka nema, ba garin da aka zuba ruwan ba.

Fara da takardar aurensa, in a coci ya yi. Rajistar aure takan nuna inda aka yi wa ango baftisma. Kuma ka nemi sunan da Latin, don da shi akan rubuta sunaye a rajista: Bitrus Petrus ne, Yohanna Joannes, Bulus Paulus. Sunan uba kuwa yadda kunnen Bature ya ji shi ya rubuta, don haka ka riƙe sunan uban baftisma da na ƙauye.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake ajiyar littattafan nan. Na taɓa buɗe wani, gara ta cinye shekara uku cur, ragowar kuma wani ya bi da salatif ya manne. Salatif! Gam ɗinsa yakan ratsa takarda, ta koma ruwan ƙasa, in ka ɓamɓare ya taho da tawada. An jingina kwalin da bango, damina ta jiƙa shi, ba wanda ya ɗaga. Sunayen mutane ne fa, iyayen wasu. In an ba ka littafi, ɗauki hoton kowane shafi har da bangon, kada ka lashi yatsa wajen juyawa.

Wasiƙun fadannin SMA na Ailan suna birnin Cork a ƙasarsu. Fayilolin lardin Sakkwato na zamanin Turawa, masu lambar SOKPROF, suna gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna, amma takardun neman fili da izinin makaranta za ka fi gani a can, ba na baftisma ba. Tafi da wasiƙar fadan cocinku, ba a buɗe wa baƙo rajista haka kawai.