Ƙura Ce Ke Korar Hadari?

Tambaya: Malam, a garinmu kusa da Damagaram sau da yawa hadari zai haɗo baƙi ƙirin daga gabas, sai jar ƙura ta turnuƙe, a ƙarshe ko ɗigo ba za a samu ba. Ƙurar ce ke korar ruwan? Kuma kwamfutocin masu hasashen yanayi suna lissafi da ita?

Amsa: Ƙurar da ka gani, hadarin ne da kansa ya tayar da ita. Ruwa ya sauko daga gajimare, ya tarar da busasshiyar iska, ya ƙafe kafin ya taɓa ƙasa. Iskar da ta yi sanyi ta faɗo, ta share gonakin da ba su yi tsiro ba. Shi ya sa abin ya fi yawa a farkon damina.

Amma ƙura tana da hannu a rayuwar gajimare. Tururin ruwa ba ya zama ɗigo sai ya sami abin maƙalewa: ƙwayar ƙura, hayaƙi ko gishirin teku. Idan ƙwayoyin sun yi yawa, ruwan sai ya rarrabu zuwa ƙananan ɗigo masu yawa, kamar tuwo ɗaya ga baƙi hamsin. Masanin yanayi Sean Twomey ya bayyana wannan tun shekarun 1970. Sai kusan ɗigo miliyan guda sun haɗu kafin a sami ɗigon ruwan sama ɗaya, don haka zubar ruwa takan jinkirta.

A can sama kuma labari ya sha bamban. Tsantsar ɗigon ruwa yana iya kaiwa sanyin digiri 38 ƙasa da sifili bai daskare ba, amma ƙurar hamada tana daskarar da shi tun wajen digiri 15 zuwa 20 ƙasa da sifili. Daskarewa tana sakin zafi, zafin ya ƙara tura gajimaren sama. A 2008 masanin yanayi Daniel Rosenfeld da abokan aikinsa suka ce ta wannan hanya ƙwayoyin ƙura da hayaƙin da ke cikin iska na iya ƙara wa hadari ƙarfi. Har yau ana muhawara a kai: a ba manhajojin kwamfuta daban-daban hadari ɗaya, wata ta ƙara ruwan, wata ta rage shi.

Dalili kuwa, kwamfuta tana yanka sararin sama gida-gida. A manhajojin da ke hasashen sauyin yanayin duniya gida ɗaya kan kai kilomita 100, hadarin garinku gaba ɗaya ya ɓace a ciki, sai dai a yi kintace. Da hukumar yanayi ta Birtaniya ta rage gidan zuwa kilomita 4.5 a kan Afirka, sai hadarin Sahel ya fara fitowa da kamanninsa. Aune-aunen da shirin binciken daminar Afirka mai suna AMMA ya yi a Yamai a 2006 sun taimaka wajen gwada irin wannan lissafi.

A nawa ganin, a yankinku ɗanshin da iskar damina ke kawowa daga kudu ya fi ƙura tasiri nesa ba kusa ba. Abin da ke damuna shi ne ƙarancin tashoshin awo tsakanin Damagaram da Bodele ta Chadi, inda ƙura ta fi tashi a duniya. Nan ne ya kamata a fara zuba kuɗin bincike.